Kafin ka canza kat-kat, ka tambayi na kujerar baya

Yau kan Alhazawanmu da manyan ma'aikatanmu zan sauka, kuma na san akwai mai cewa mi ya yi mini zafi, ni da babur nike hawa. Gaskiya ne. Amma shekara da shekaru ni ne direban gidanmu duk lokacin da tafiya ta taso, biki ne, rasuwa ce, ko kai maras lafiya Yamai. Duk motar da yayana ya saya, ni ke kwana da ita bisa hanya, ni ke tsayawa kan makaniki cikin rana. Cikin ƴan shekarun nan kat-kat uku ya canza, kuma kowane karo magana ɗaya yake faɗi: "Don iyali su ji daɗi ne." Wannan maganar ce nike son mu zauna mu tuɓe mata riga, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, ita ce hujjar kowa.

Ta farko tsohuwar Prado ce mai shan gazuwal, irin wadda aka ƙera tsakanin 2002 da 2009. Ba ta da kyan gani, ba ta da gudu, in ta kama hawa sai ka riƙa yi mata addu'a. Amma ko a Gidan Rumji ta yi tari, akwai yaron da zai buɗe ta ya ce maka ga abin da ke damunta, kuma kafin la'asar an samo kayan gyaran. Laifinta ɗaya a idon yayana: abokan kasuwancinsa sun wuce wurin. Ranar wani ɗaurin aure aka jera motoci ƙofar masallaci, tasa ce ta fi kowace tsufa. Bai yi wata biyu ba ya sayar da ita.

Sai ga V8, Land Cruiser ɗin nan da ake kira 200, ƴar Amurka, mai shan esans. Ba zan yi ƙarya ba, mota ce. Ka zauna gaba, kilim na busa ka, ramin da ke girgiza Prado ita ko a jikinta, ƙarar inji ba ka jinta. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni ban san na yi tafiya ba. In daɗin direba ake nufi, to an gama magana, na sallama.

To amma iyali aka ce. Mu ƙirga. Gidan yayana akwai mata biyu, yara bakwai, ga Inna. Da shi mutum goma sha ɗaya. Motar kujera takwas gare ta. Tsohuwar Prado ma haka take, ba a ƙaru da kujera ko ɗaya ba. Yaran da ake ɗorawa bisa cinya a waccan, su ne ake ɗorawa a wannan, ba bel ba komai, motar kuma yanzu tana gudun da waccan ba ta iya ba. Kun taɓa zama a layi na uku na waɗannan motoci? Ku gwada. Daɓen can baya a ɗage yake saboda abin da ke ƙarƙashinsa, kujerar kuma a ƙasa take, sai babba ya zauna gwiwoyinsa na kusa da haɓarsa. Awa ɗaya ana iya jurewa. Maraɗi zuwa Yamai kilomita wajen 660 ce. Uwargidan yayana ta taɓa sauka a Dogon Dutsi ta kasa miƙe ƙafa sai da aka riƙe ta. Kuma da zarar an buɗe layin na uku, wurin kaya ya tafi. Jaka biyu, kwandon abinci, shi ke nan. Sauran sai kan rufi, motar da dama tsawo gare ta a ƙara mata nauyi a ka.

Inna kuwa matsalarta tun kafin a shiga ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, hawa irin wannan mota kamar hawa raƙumi ne a wurinta. Har ƴar kujerar tsuguno muka riƙa yawo da ita a mota, a ajiye mata ta taka. Wani bai taɓa tambayarta ba ko ta fi jin daɗin sabuwar. Ni na tambaye ta wata rana a Madawa, ta ce: "Ɗan nan, duk ɗaya ne, sai dai wannan ta fi sanyi."

Yanzu mu zo kan mai, don nan ne Alhaji ke yin shiru. Tankin wannan V8 lita 93 ne. A farashin da gwamnati ta ƙayyade a watan Yulin 2024, litar esans 499F ce, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma 618F. Ka cika tankin sau ɗaya, jika 46 da ɗoriya ta tafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Ke nan cikon tanki ɗaya ya fi abin da wani magidanci ke kaiwa gida a wata. A ce ma ta yi maka adalci ta sha lita 15 a kilomita 100 bisa gudron, zuwa Yamai kaɗai lita 99 ke nan, tanki ɗaya bai kai ka ba. Zuwa da dawowa ka doshi jika ɗari, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka yi yawo cikin gari ba. Abin da ya biyo baya kowa zai iya hasashe: tafiyar da ake yi da iyali sau huɗu a shekara ta koma sau ɗaya. Motar da aka saya don iyali ta zama motar zuwa kasuwa da masallacin Juma'a, mutum ɗaya a cikin ƙarfen da ya haura tan biyu da rabi. Da ƙarancin esans ya zo a watan Maris na 2025, kwana da kwanaki tana ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta, yara na zuwa lakkol a adaidaita.

Ta ukun ba zan faɗi sunanta ba. Baturiya ce, dillali ya rantse wa yayana cewa a kan iska take tafiya. Ashe da gaske yake: maimakon ƙarfen da ke riƙe mota, jakunkunan iska ne a ƙafafunta, da ɗan injin da ke hura su, da kwamfuta mai ba su umarni. Sati ukun farko kam sai hamdala. Muna dawowa daga Damagaram, mun wuce Tasawa kaɗan, sai bayanta ya zauna ƙasa kamar akuyar da ta gaji. Makaniki uku suka duba, dukansu mutanen kirki, dukansu suka ce sai an jona ta da kwamfuta. Mai kwamfutar yana Maraɗi. Da aka jona, kayan babu a Maraɗi, babu a Yamai, sai an yi oda. Wata biyu tana garaj, kaji na kwana ƙarƙashinta. Ni ban ga laifin motar ba. An yi ta don ƙasar da gudron ke da santsi, ƙura ba ta shiga ko'ina, wakilin kamfani na bayan gida. Mu muka ɗauko ta muka kawo ta inda ba a shirya mata ba.

Kowane canji kuma da kuɗinsa, wanda ba a faɗa wa matan gida. Mai canza mota cikin gaggawa yake sayarwa, don ya riga ya ga wata, saboda haka da araha yake saki. Dillali ya ci nan, ya ci can. A canza takardu, a sake asirans. Sabuwar kuma, tunda ba sabuwa ba ce, sai an zuba mata tayu, batir, mai, da abin da tsohon mai ita ya ɓoye. Ga shi tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, motar da a da ke taso wa daga Kwatano kai tsaye yanzu sai ta zagayo, kuma mai saye ne ke biyan zagayen. Na taɓa zama na yi wa yayana lissafin abin da ya narke tsakanin mota ta farko da ta uku. Ya isa a ƙara ɗaki biyu a gidan da ƴan mata huɗu ke kwana ɗaki ɗaya. Bai ji daɗin lissafin ba, kwana uku bai amsa sallamata da kyau ba.

Kada wani ya ce na ce kat-kat ba ta da amfani. Wanda ke da gona ko dabbobi arewacin Dakwaro, wanda ke shiga ƙauyukan Mayayi da damina, wanda hanyarsa ta bi Tanut ko Abalak, wannan dole ne ya nemi mota mai shasi, mai tsawo, mai ƙaramin giyar nan ta jan rairayi. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji da motocin ɗaukar marasa lafiya na karkara suka riƙe Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, ga ta da tauri kamar benci amma tana kai ka tana dawo da kai. Irin wannan mutum in ya tashi daga Prado ya koma Fortuner, wadda a kan shasin Hilux aka gina ta, ko ya koma Patrol, ko ya riƙe Pajero ɗinsa duk da an daina ƙera ta a 2021, yana da dalilin da zai iya faɗi a gaban kowa: kayan gyara, tsawo, yawan mai. Da shi ba ni da faɗa.

Faɗana da wanda tayarsa ba ta taɓa barin gudron ba. Ku tambayi masu V8 goma a Yamai ina maɓallin ƙaramin giya yake, ku ga nawa za su nuna muku. Wasu ma sun sayi 300 da ta fito a 2021 suna ta kiranta V8, alhali injinta silinda shida ne. Sunan ake saye. In da gaske iyali ne a ransa, mai gidan da ke tsakanin Yamai, Maraɗi da Damagaram ya dubi Sienna: ƙofa mai zamewa, daɓe a ƙasa yadda tsohuwa za ta shiga ba a ɗaga ta ba, layi na uku da babba zai zauna kamar mutum, ga rami a baya na zuba kaya. Ko Highlander, in iyalin ba su da yawa, a san dai ba ta da shasi irin na Prado kuma ba a yi ta don rairayi mai zurfi ba. Amma ka faɗa wa Alhaji Sienna, sai ya ce ai wannan motar haya ce, mi mutane za su ce? To ga amsar ta fito. Mutane ake saya wa, ba iyali ba.

Abin da nike roƙo ba shi da wuya. Ranar da za a je gwada mota, kada a tafi da aboki da dillali kaɗai. A ɗauki uwargida da amarya, a ɗauki tsohuwa, a cika kujerun duka, a zuba kayan da aka saba tafiya da su. Mai gida ya ba wani tuƙi, shi ya koma layi na uku, a je Cadawa a dawo. Daga nan a biya wurin makanikin da zai riƙa gyara ta, ba na mai sayarwa ba, a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta, kuma kayanta kwana nawa suke yi kafin su zo. A duba gefen tayu, akwai lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi su, don tayar da ta tsufa a zafin Afrilu ba ta san sunan mota ba, kuma doguwar mota in tayarta ta fashe da gudu ta fi ƙaramar saurin kifewa.

Yayana yanzu Prado yake nema, irin wadda ya sayar, kuma kuɗin da ake faɗa masa ya fi wanda ya karɓa. Watan jiya da za a kai Inna ganin likita Yamai, ta ce kada a wahalar da kowa, a yanka mata tikitin bas. Na raka ta tasha da asuba, na samar mata kujera kusa da ƙofa. Da ta isa ta kira ni ta ce ta yi barci tun daga Ƙonni har Doso.