Wa ya ce bangaskiya adashi ce?

Ni Kirista ne, malamin lakwal kuma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata ɗalibata ce da ta yi sati biyu ba ta zo aji ba. Da na je gidansu, uwarta ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, kuɗin makarantar na shuka su." Jika talatin ta tara da tuyar ƙosai, ta kai wa wani baƙon mai wa'azi da ya yi mata alkawarin riɓi ɗari kafin wata ya mutu. Wata ya mutu, mai wa'azi ya ƙetare iyaka, yarinya tana gida.

Wannan koyarwa tana da tarihi. A Amurka ta yi ƙarfi ta bakin Oral Roberts, mai cewa baiko iri ne da ake shukawa, da Kenneth Hagin na birnin Tulsa. Benson Idahosa na Benin City, wanda ya rasu a 1998, ya yaɗa ta a Najeriya. Yau ta iso mu ta tauraron ɗan Adam da WhatsApp. Shi kansa Hagin, a 2000, ya fitar da littafi yana tsawata wa masu wa'azin da suka wuce gona da iri a zancen kuɗi.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku nemo mani wannan ciniki. Yesu Almasihu a komin dabbobi aka kwantar da shi, a kabarin wani aka binne shi. Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Abokan Ayuba sun nace cewa masifarsa alamar zunubi ce, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su.

Ga inda cutar take. In arziki ne ma'aunin bangaskiya, to manomin da fari ya ƙone masa hatsi ya zama mai ƙarancin imani ke nan. An ɗora masa laifi a kan yunwa. Shi kuwa mai wa'azin ba ya taɓa faɗuwa: in ka samu, addu'arsa ce, in ka rasa, shakkarka ce. Wane ɗan kasuwa a Maradi zai yarda da sharaɗi irin wannan?

Za a ce, ashe talauci kake so mana? A'a. Talauci ba tsarki ba ne, roƙon Allah abinci da lafiya kuma daidai ne. Amma mu duba abin da ya taimaki mutane a ƙasar nan. Asibitin Galmi yana aiki tun 1950. A Danja an yi jinyar kutare shekara da shekaru. Sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara da manoman jihar Maradi wajen 1983, ya maido da itatuwa cikin gonaki. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zo ta ambulan ɗin "iri". Gumi ne da ilimi da haƙuri.

Abin da ya fi damuna yaranmu ne. Yaron da ya tashi yana jin cewa man shafawa zai ba shi BEPC, me zai sa ya kwana a kan littafi? Ran da ya faɗi, zai rasa jarrabawa, ya kuma fara zargin Allah da saɓa alkawarin da Allah bai yi ba.

Iyaye, ku yi baiko da zuciya ɗaya, gwargwadon ƙarfinku, ba don riba ba. Duk wanda ya nemi kuɗin makarantar ɗanku da sunan Yesu, ku tambaye shi a ina nasa ƴaƴan suke karatu, da kuɗin wa. Dattawan ikilisiya kuma su daina ba kowane baƙo bagadi don yana tara jama'a.

Yarinyar ta dawo aji. Matan zumunta ne suka haɗa kuɗin, dala ɗari-ɗari, ba wadda aka yi wa alkawarin komai.