Ɗakin Kulawa ta Musamman: Tsada Daban, Ceton Rai Daban

Ɗakin kulawa ta musamman shi ne inda asibiti ke kwantar da wanda yake rai kwakwai mutu kwakwai, ga na'urar numfashi, ga ma'aikaciyar jinya a kansa dare da rana. Asalinsa annobar shan inna ce ta 1952 a birnin Kopenhagen na Denmak, inda likita Bjørn Ibsen ya sa aka riƙa huda maƙogwaron majinyata, ɗaliban likitanci na matsa jakar iska da hannu, wannan ya gaji wancan ya karɓa, har tsawon makonni.

A Amurka, fiye da mutum miliyan 5 ake kwantarwa a irin wannan ɗaki kowace shekara. Daga 2000 zuwa 2010, gadajensa sun ƙaru daga kusan 88,000 zuwa sama da 103,000, kuɗin da ake kashewa a shekara kuma ya tashi daga dala biliyan 56 zuwa 108. A 2010, kwana ɗaya a gado ya kai kimanin dala 4,300. Cikin dalilan wannan ƙaruwa, tsofaffi sun yawaita, cututtuka irin su ciwon sukari da na zuciya sun yaɗu, sannan gado in yana nan ba ya rasa mai hawa, ko da ɗakin kwanciya na yau da kullum zai wadatar da shi. Kusan Ba'amurke ɗaya cikin biyar a hannun wannan sashe yake cikawa, ko jim kaɗan bayan barinsa.

Sai dai kuma masu fita da rai sun ƙaru, kuma ba tsadar ce ta jawo hakan ba. A 2000, bincike ya nuna cewa rage yawan iskar da na'ura ke hura wa huhun da ya lalace ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. A jihar Mishigan kuwa, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun rungumi ƙa'idoji biyar kafin da bayan zura bututu a babbar jijiya: wanke hannu, cikakkiyar shigar kariya, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, guje wa matsematsi, da cire bututun da zarar ya gama aiki. Cututtukan da bututun ke jawowa suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Gwamnatocin da ke ƙaddamar da na'urori da kiɗa da tambura a Najeriya ya kamata su yi wa wannan karatun ta-natsu. Na'urar numfashi ba ta aiki ba lantarki, ba iskar oksijin, ba ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya. A ƙasar da dangin majinyaci ke biyan yawancin kuɗin magani daga aljihunsu, har a kai ga sayar da gona, horar da ma'aikata da tanadin oksijin su suka cancanci kaso na farko a kasafin lafiya, sayen injina ya biyo baya.