SHARHI: Shiga Ƙungiyar Ƙananan 'Yan Kasuwa, Riba Ce Ko Asara?

A duk ƙarshen wata, a manyan kasuwannin da mutanenmu ke hada-hada a kudancin ƙasar nan, kama daga Mile 12 da Oko-Oba a Legas har zuwa Bodija a Ibadan, akan ga sakataren ƙungiya yana bi rumfa-rumfa da littafin rasit a hannu, yana karɓar kuɗin wata. Wasu su ba shi da sakin fuska, wasu kuwa sai ya juya baya su shiga gunaguni, suna cewa shekara da shekaru suna biya amma har yau ba su ga abin da ƙungiyar ta tsinana musu ba. A wannan zamani da kowace naira ke da wurin zuwa, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin dakon kaya, bai kamata a yi watsi da wannan ƙorafi ba.

Ra'ayina a nan shi ne, ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar ƙungiya, amma ba kowace ƙungiya ba, kuma biyan kuɗin wata kaɗai ba ya mai da mutum ɗan ƙungiya.

Idan aka waiwayi tarihi za a ga cewa abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara ne a kan maigida, wato fatoma. Shi ke saukar da baƙon da ya kawo shanu, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mahauci ya ɗauki sa bashi. Idan rigima ta taso, a kai ta gaban Sarkin Hausawa. Babu takarda, babu banki, amma dukiya mai yawa ta riƙa kai-kawo a kan amana, domin kuwa duk wanda ya ci amanar mutum guda ya san ya rufe wa kansa ƙofar unguwa baki ɗaya. Ayyuka uku ke nan maigida yake yi: tsayawa lamuni, raba gardama, da magana da hukuma a madadin baƙonsa. Da waɗannan ayyuka uku ne ya kamata a auna kowace ƙungiya ta yau.

Ƙungiyoyin zamani kuwa suna da yawa. Akwai Majalisar 'Yan Kasuwa ta Legas, wadda aka kafa tun 1888, da uwar majalisun 'yan kasuwa ta ƙasa, NACCIMA, da aka kafa a 1960. Akwai ƙungiyar masu masana'antu, MAN, ta 1971, da ta masu ƙananan masana'antu, NASSI, ta 1978, sai kuma NASME ta ƙanana da matsakaitan sana'o'i da ta zo a 1996. Ban da waɗannan, kusan kowace kasuwa tana da ƙungiyoyin 'yan tumatir, 'yan albasa, 'yan hatsi, mahauta da teloli, ga kuma ƙungiyoyin gama-kai masu rajista da gwamnatocin jihohi.

Amfani na farko shi ne murya. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2020 ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun haura miliyan 39. Babu kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma da zai zauna da mutane masu wannan yawa ɗaya bayan ɗaya. Tun a 1998 Dokar Soja mai lamba 21 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Duk da haka, wanda ya taɓa rako motar kaya daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal ya san yawan hannuwan da ake miƙo masa kafin ya isa. Mutum guda ba shi da abin yi illa ya biya, domin kayan gwari ba sa jiran shari'a. Ƙungiya ce kaɗai ke iya tara rasit-rasit, ta ɗauki lauya, ta nemi ganawa da hukuma, a kuma saurare ta.

Idan dai ba a manta ba, a watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan inda aka rasa rayuka da dukiya, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin kwanaki kaɗan farashin tumatir da nama ya tashi a Legas, hukumomi kuma suka nemi a zauna, har aka janye yajin a farkon watan Maris. Wannan ya nuna ƙarfin haɗin kai. Amma akwai darasi na biyu da ba a cika faɗa ba: a daidai waɗannan kwanaki, tumatir da albasa sun yi kwantai a kasuwannin Arewa, manoma da ƙananan dillalai suka tafka asara. Ma'ana, shawarar da shugabanni suka yanke tana shafar aljihun mutum, ko ya halarci taron ko bai halarta ba. To, ashe gara a yanke ta yana zaune a wurin.

Amfani na biyu shi ne labari da lamuni. Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe wa kamfanonin da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani, amma ba ta ɗauke musu wajibcin miƙa bayanan shekara ba. Masu ƙananan kamfanoni nawa ne suka san wannan bambanci a lokacin? A watan Yunin 2025 kuma aka sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka sake fasalin abubuwa da dama. Mai shago ba shi da sukunin karanta irin waɗannan dokoki, ba shi kuma da kuɗin ɗaukar akanta shi kaɗai, amma mutum ɗari za su iya haɗa kuɗi su kira masani guda ya yi musu bayani da harshen da suke ji. Haka nan batun rance. Bankin Masana'antu, wanda aka kafa a 2001, da bankunan ƙananan rance, sun fi sakin jiki da mutanen da suka zo a ƙungiyance suna tsaya wa juna, fiye da mutum guda da ba shi da takardar fili da zai ajiye jingina.

Amfani na uku shi ne raba gardama. Bashin naira dubu ɗari biyar idan ya shiga kotu, kuɗin lauya da ɗage-ɗagen zama na iya cinye shi kafin a yanke hukunci. Kwamitin dattawan kasuwa kuwa yakan kashe maganar a zama ɗaya ko biyu, kuma hukuncinsa yana da haƙori, tunda babu mai son a hana shi kaya bashi a gobe.

Sai dai masu gunaguni ma suna da hujja, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗarta. Akwai ƙungiyoyin da shugabanninsu suka shekara goma ba a yi zaɓe ba. Akwai waɗanda ba sa motsi sai an ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta raba rance, nan da nan a buga fom a sayar wa jama'a, daga ƙarshe sunayen 'yan'uwa da surukai ne za su fito. Akwai waɗanda suka zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa, ba a ganinsu sai a filin kamfe da anko. Mafi muni su ne waɗanda suka rikiɗe suka zama wata hukumar haraji, suna tilasta wa kowa biya, suna ƙayyade farashi, suna hana sabon shiga kafa rumfa. Irin waɗannan ba kariya ba ce, ƙarin kaya ne a kan mai kaya.

Saboda haka, kafin mutum ya zaro kuɗinsa, ya kamata ya yi tambayoyi huɗu. Na farko, shin ƙungiyar tana da rajista, ko da Hukumar Rajistar Kamfanoni ko da ofishin gama-kai na jiha? A nuna masa takardar, ba labari ba. Na biyu, yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, kuma yaushe ne na gaba? Na uku, kuɗin ƙungiya yana asusun banki ne da sunanta, da sa hannun mutum biyu ko uku, ko kuwa yana aljihun ma'aji? Ana karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa? Na huɗu, a faɗa masa abu guda da ƙungiyar ta yi wa wani ɗanta a cikin shekarar da ta wuce, ya je ya tambayi mutumin da kansa. Ƙungiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Har ila yau, mutum ya zaɓi wadda ta dace da girman sana'arsa. Mai rumfar hatsi ya fi bukatar ƙungiyar kasuwarsu da ta gama-kai. Mai injin casar shinkafa ko ɗan ƙaramin kamfanin sabulu zai fi ƙaruwa da irin su NASSI ko NASME. Wanda kuwa ke neman abokan ciniki a wajen jiharsa ko wajen ƙasa, majalisar 'yan kasuwa ce ke da bajekoli irin na Legas da Kaduna da Inugu. Tara katunan ƙungiyoyi biyar a aljihu ba ya ƙara ciniki ko na sisi.

Daga ƙarshe, laifin lalacewar ƙungiyoyi ba na shugabanni kaɗai ba ne. Da yawanmu mukan aika yaro da kuɗin wata, ranar taro kuma mu ce kasuwa ta hana mu. Mutum goman da suka halarta su ne za su zaɓi kansu, su kuma kashe kuɗin yadda suka ga dama. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, haka ma ƙungiya. Wanda zai ba ta sa'o'i biyu a wata, ya nemi a karanta lissafi, ya kaɗa ƙuri'arsa, to ya shiga, zai ga amfanin kuɗinsa. Wanda kuwa ba zai iya wannan ba, ya sani cewa za a ci gaba da yanke shawara a kan dukiyarsa ba tare da shi ba.

Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya haɗa mu da shugabanni masu riƙon amana.