Tsutsar masara a Obi: A ba maganin bakteriya gurbi a rabon kayan noma

Duk manomin masara a ƙaramar hukumar Obi, kudu maso gabashin Lafiya, ya san alamar. Makonni kaɗan bayan shuka sai ganye ya fara nuna huji-huji, in aka leƙa zuciyar masarar, inda sabon ganye ke fitowa, a tarar da kashi kamar dusar katako. Tsutsa ce ta shiga. Daga Daddare zuwa Agwatashi amsar da aka saba bayarwa guda ce: a je kasuwa a sayo kwalbar magani, a goya tankin feshi, a bi gonar. In tsutsar ba ta mutu ba a ƙara yawan maganin, ko a gauraya iri biyu. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da masu tsara rabon kayan noma a Abuja za su ba manomin wata hanya, kuma hanyar tana nan tun kafin a haifi kowannenmu.

Baƙuwa ce wannan tsutsa. Asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon 2016 masana na Cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya. Uwarta wani nau'in malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda, macen kuma tana iya saka ƙwai har 1,000 a rayuwarta. A wannan shekara ta 2016 ne wata tsutsar, Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ma'aikatan Abuja ba su manta da farashin kwando a wancan lokaci ba.

Dogaro da guba kaɗai yana da tsadar da ba a rubuta ta a jikin kwalba. Mai feshi yakan yi aikin ba safar hannu ba abin rufe hanci. Guba mai kashe kowane ƙwaro tana hallaka ƙudan zuma da zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin tsutsar, sai gona ta zama ba mai tsaron ta. Saura kuma yana bin amfanin gona har cikin tukunya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Jihar Nasarawa, wadda riɗinta ke fita ƙasashen waje, ta fi kowa buƙatar ɗaukar darasi daga wannan.

Hanyar da muke magana a kanta wata bakteriya ce da ke zaune a cikin ƙasa, mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa da Bt. Wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, shi ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki. A 1911 Ernst Berliner ya sake samun ta a jikin tsutsar gari a Jamus, ya raɗa mata sunan yankin Thuringia. A 1938 aka fara sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, Amurka kuma ta yi mata rajista a 1961. Bakteriyar tana samar da wani furotin mai siffar ƙanƙara. Idan tsutsa ta ci ganyen da aka fesa, furotin ɗin yana narkewa a cikin hanjinta, ya manne da bangon hanjin ya huda shi. Cikin sa'o'i kaɗan sai ta daina ci, bayan kwana biyu ko uku ta mutu. Cikin ɗan Adam da na dabbobin gida ba su da yanayin da furotin ɗin ke buƙata, shi ya sa ba ya cutar da mai feshi ko akuyar da ta ci harawa.

Yankinmu ma ya taɓa cin moriyarta. A shirin yaƙi da makantar kogi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002, an yi amfani da wani nau'in Bt wajen kashe 'ya'yan baƙin ƙuda a cikin koguna, bayan ƙudan ya fara jure wa maganin da ake zubawa. Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen shirin, kuma a Janairun 2025 aka tabbatar da ita a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan magani, domin kada a yaudari manomi. Sai tsutsa ta ci shi kafin ya yi aiki. Hasken rana yana lalata shi cikin 'yan kwanaki, ruwan sama yana wanke shi, kuma ƙananan tsutsotsi ya fi kashewa. Abin da ke faruwa a lambunan rumman na Iran da Tunisiya ya isa misali. Babbar abokiyar gabar rumman a can tsutsa ce da uwarta ke saka ƙwai a kambin da ke saman ɗan itacen. Da zarar ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki, feshi ba ya kai mata, sai rumman ya ruɓe daga ciki alhali fatarsa na sheƙi. Masu bincike da ke gwada Bt a kanta suna lura da lokacin saka ƙwai ne, domin su riske ta tana waje. Haka tsutsar masara take. In ta girma ta shige can cikin zuciyar kara, an makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ne ya sa muke cewa raba kwalabe kawai ba zai wadatar ba. Manomin da aka miƙa wa Bt ba tare da bayani ba zai fesa shi da tsakar rana a kan manyan tsutsotsi, ya dawo washegari ya gan su da rai, ya yanke hukuncin cewa an ba shi jabu. Shekara mai zuwa ba zai karɓa ba ko kyauta ne. Yana buƙatar malamin gona da zai nuna masa yadda ake duba gona sau ɗaya ko biyu a mako tun masara na ƙarama, yadda ake gane ƙwai da ƙaramar tsutsa, dalilin yin feshi da yamma, da muhimmancin kai maganin cikin zuciyar shuka. Yana kuma buƙatar nau'in da ya dace, domin ba kowane Bt ne ke da ƙarfi ɗaya a kan wannan tsutsa ba, kuma wanda ake kira aizawai ya fi tasiri a kan danginta.

Akwai wani ruɗani da ya kamata jami'ai su kiyaye. Maganin feshi na Bt daban yake da irin shuka da aka sanya wa ƙwayar gadon Bt, kamar wake SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 domin tsutsar da ke huda kwanson wake, ko masarar TELA da aka amince da fitar da ita a Janairun 2024. Muhawara a kan waɗannan iri tana ci gaba, kuma tana da wurinta. Amma feshin Bt ba ya sauya komai a cikin iri, har masu noman da ba ya amfani da sinadarai a Turai da Amurka sun amince da shi. Bai kamata gardamar can ta hana manomin Obi wannan ba. Haka nan ba ma cewa a jingina da shi kaɗai. An samu tsutsar kabeji da ta jure wa feshin Bt a Hawai, kamar yadda tsutsar masara ta jure wa wani nau'in masarar Bt a Burazil. Dole a haɗa shi da shuka da wuri, da sauya amfanin gona, da ajiye guba mai ƙarfi sai inda ta zama dole.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan samar da abinci a Yulin 2023, ana ta rabon taki da iri da maganin ƙwari. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta jerin abin da za a saya, ko su shirya takardar da minista ko ɗan majalisa zai sa wa hannu. Gare su muke kai kira uku. Na farko, Ma'aikatar Noma da Samar da Abinci ta ware wani kaso na maganin ƙwarin da take saya ga magungunan halitta irin Bt, waɗanda NAFDAC ta yi wa rajista, tare da sharaɗin adana su a wuri mai inuwa da duba ranar ƙarewar aikinsu. Na biyu, kowane rabo ya tafi da kuɗin horar da malaman gona da kuɗin man babur ɗinsu, a kuma kai kayan kafin shuka, domin maganin da ya iso a watan Agusta ba shi da amfani ga masarar da aka shuka a Mayu. Na uku, a fara da gwaji a fili. Lafiya na da Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Nasarawa, da Kwalejin Aikin Gona, da tsangayar noma ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Su kafa gonakin nuni a ƙauyukan Obi, kunya ta Bt kusa da kunya ta guba, a auna buhunan da kowace ta bayar da kuɗin da ta ci, a wallafa sakamakon ko da bai yi wa ra'ayinmu daɗi ba.

Masarar da ake gasawa a bakin titin Nyanya da Mararaba, da riɗi da wake da ke shigowa kasuwannin Abuja, daga irin waɗannan gonaki suke fitowa. Abin da aka fesa a Obi a damina, shi ma'aikaci zai tarar a kwanonsa da kaka. Kafin a rufe jerin sayen kayan noma na damina mai zuwa, a tabbatar an rubuta Bt a ciki, an kuma rubuta albashi da alawus na wanda zai koyar da amfani da shi.