Ra'ayinmu: A Sha Kayan Shayi, Amma Kada a Kashe Tukunyar Kunu

A watan Agustan 2024 jami'an hukumar NAFDAC reshen jihar Bauchi suka bazama kasuwanni da shaguna suna farautar jabun Milo. Ba a yin jabun abin da ba shi da kasuwa. Duk wanda ya zaga layin masu kayan masarufi a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san yadda ledojin garin shayi ke reto jere a ƙofar kowane shago, kore kusa da ruwan ƙasa, madara a gefe. A asibitin koyarwa na ATBU da wuya ka ga mai zuwa dubiya ba da gwangwani a leda ba. Mai jego ana kai mata, ɗalibin kwana ba ya komawa makaranta sai da shi, saurayi ma idan azumi ya kama ya san abin da ake sa ran gani a kayan da zai aika gidan surukai. Abin da ya shiga rayuwar mutane har haka ya cancanci a tambayi asalinsa, a kuma tambayi me yake tsinana wa jiki.

Asalin nasa ya fi kusa da ɗakin magani a kan ɗakin girki. A birnin Bern na ƙasar Suwizalan ne Albert Wander ya fitar da Ovomaltine a 1904, haɗin tsiron sha'ir da madara da ƙwai da garin cakulan, domin marasa lafiya da masu rauni. Da ya isa Ingila a 1909 sai aka sayar da shi da sunan Ovaltine. Kafin shi, 'yan'uwa biyu 'yan Ingila, James da William Horlick, sun yi irin wannan haɗi na tsiro da madara a Amurka domin jarirai da majinyata. Milo kuwa a Ostareliya aka haife shi a 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe yara suna kwana da yunwa. Wani masanin sinadarai na kamfanin Nestlé, Thomas Mayne, shi ya haɗa shi, aka raɗa masa sunan wani gagarabadan ɗan kokawa na tsohuwar Girka. Bournvita ya samo sunansa daga Bournville, unguwar da kamfanin Cadbury ya gina wa ma'aikatansa a gefen Birmingham. Dukkansu da sunan ƙarin ƙarfi suka shigo duniya, kuma da wannan suna suke ciniki har yau. Shi ya sa tallarsu ba ta rabuwa da yaro mai buga ƙwallo ko mai cin jarrabawa.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba. Nestlé ya soma harka a Najeriya a 1961, Cadbury ya yi rajista a 1965 ya kafa masana'anta a Ikeja, kuma shekaru da dama tsiron sha'ir daga Turai ake shigo da shi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi. Dole ta sa kamfanoni suka waiwayi dawa, aka koma kan irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta, aka koyi fitar da zaƙin tsiro daga ƙaura da farfara. Nestlé da kansa yana alfahari da cewa dawar Najeriya yake sarrafawa a masana'antarsa ta Agbara a jihar Ogun. Ke nan dawa tana barin gonakin Arewa a buhu, ta yi tafiyar kwana da kwanaki a tirela, ta dawo mana a gwangwani da farashin da manomin da ya noma ta zai yi tunani kafin ya taɓa. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san idan aka jiƙa hatsi ya tsira, aka shanya aka daka, zaƙi yake sakewa ba tare da sukari ba.

Sai mu ba masu gwangwani haƙƙinsu. Matar da za ta shirya yara huɗu kafin ƙarfe bakwai, ita ma ta kama hanyar ofis ko makarantar da take koyarwa, ba ta da lokacin surfe da jiƙo da kai niƙa da tata. Ruwan zafi a fulas, cokali biyu, an gama. Gari ne busasshe, ba ya neman firji a garin da wuta sai ta ga dama. Ana ƙara masa sinadaran ƙarin jini da ƙarfin ƙashi da bitamin, kuma a yankin da ƙarancin jini ya addabi mata da yara wannan ba abin rainawa ba ne. Majinyacin da ya kasa haɗiye tuwo sau da yawa yakan iya kurɓar wannan. Ƙaramar leda kuma, wadda kamfanin da ke yin Cowbell ya yaɗa a Najeriya tun daga 1993, ta sauko da madara daga teburin ma'aikacin gwamnati zuwa hannun ɗan acaɓa. Kada a manta da mai shayi. Daga Yelwa zuwa Ƙofar Ran a garin Bauchi, teburinsa da dalar gwangwanaye da burodi da kiret ɗin ƙwai sana'a ce da ke riƙe da gidaje, kuma nan ne majalisar gwauraye da direbobi da ɗalibai.

To amma a tsaya a kalli hannun mai shayin nan idan aka ce masa a yi haɗin kauri. Zai zuba garin cakulan, ya bi da madara, sannan ya nutsa cokali a robar sukari sau biyu ko uku, ya ɗaga kofi sama yana shekawa har kumfa ta taso. Garin da ya fara zubawa da sukarinsa ya zo. Ƙa'idar rubutun jikin kaya ita ce a jera abubuwan da ke ciki daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma wanda ya juya bayan leda zai tarar da sukari a sahun gaba, ga zaƙin tsiron kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba mutum kuzari a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12, ta ce a rage zuwa rabin haka ya fi. Kofi guda na haɗin kauri yana iya cinye babban rabo daga wannan kafin hantsi, ga burodi, ga lemon kwalba yana jira da rana. Ciwon sukari da ruɓewar haƙori ba sa aiko da sallama.

A Indiya an yi wannan rigima a fili. A 2023 wani matashi mai suna Revant Himatsingka ya yi bidiyo yana karanta yawan sukarin da ke cikin Bournvita na can, kamfanin ya yi masa barazanar shari'a, amma kafin shekara ta ƙare an rage sukarin. A 2024 gwamnatin ƙasar ta umarci shagunan intanet su daina jera irin waɗannan a rukunin abin sha na lafiya. Haɗin Indiya daban, na Najeriya daban, amma tambayar da aka yi can ta halatta a nan.

Abin da ya fi damun mu ba kofin babba ba ne, na yaro ne. A gidan da kuɗi ya yi ƙaranci, leda ɗaya ake raba wa yara uku a ruwa mai yawa, a cika da sukari don ya yi daɗi. Launi ya fito, uwa ta samu natsuwa cewa ta ba su abin gina jiki, alhali ruwan zaƙi suka sha. Ita ma madarar leda mai araha, da yawanta an cire mata man shanu an maye da man itatuwa, kuma ba a yi ta don jarirai ba. Kuɗin nan da zai sayi ƙwai, ko ƙosai, ko gwangwanin gyaɗa, da yaron ya fi ƙaruwa. Kunun gyaɗa da ƙosai, ko masa da miya wadda Bauchi ta yi suna da ita, suna riƙe ciki har azahar. Shayi da burodi kuwa, kafin a fita tara yaro ya soma hamma.

Ba za mu ce duk abin gida lafiyayye ba ne. Garin kunu da mata ke haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa a asibitocin awo, yana da kyau ƙwarai, amma gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma soyawa ba ta kashe ta. Wanda aka shanya a bakin titi, aka ƙulla ba suna ba kwanan wata, shi ma abin tsoro ne kamar jabun gwangwani.

Ra'ayinmu shi ne a sha, amma a ajiye shi a matsayinsa na abin marmari da rage hanya ranar da aka makara. Ba magani ba ne, ba kuma karin kumallo ba ne shi kaɗai. Wanda ya zuba garin kada ya ƙara sukari. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kawai yake buƙata. NAFDAC kada ta tsaya ga samamen kwana biyu ko uku idan ƙorafi ya yi yawa; masu saye na buƙatar a nuna musu a rediyo, da Hausa da Fulatanci, yadda ake bambanta sahihi da jabu, kuma lokaci ya yi da za a tilasta wa kamfanoni rubuta yawan sukari a gaban leda da lissafin cokali, ba a baya da ƙananan haruffan Turanci ba. Gwamnatin jiha kuma, maimakon raba wa ƙungiyoyin mata kuɗin da ke ƙarewa a mako guda, ta kafa musu wurin gyara da busarwa da niƙa mai tsafta, ta haɗa su da masana abinci na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da ke jihar su auna musu haɗi, ta biya musu kuɗin rajistar NAFDAC. Gero da dawa da gyaɗa da waken suya duk ana noma su a jihar nan, kuma masu sayen garin kunu mai lamba da kwanan wata suna nan a gidajen da yanzu ke raba leda ɗaya wa yara uku.