Ciwon Kangire Ya Kamata Ya Kai Gaban Masana

Kowace shekara ƙungiyoyin masana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da na likitoci masu yi wa ƙwaƙwalwa fiɗa, sukan yi shela cewa duk mai bincike ya aiko da taƙaitaccen bayaninsa kafin ranar taro. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Kalmomi ne kamar 250 zuwa 300, mutum ya faɗi dalilin bincikensa, da yadda ya yi shi, da abin da ya samu. In kwamiti ya karɓa, sai ya je ya yi bayani gaban 'yan'uwansa masana. A ganina lokaci ya yi da irin waɗannan takardu za su riƙa fita daga Birnin Kudu da Gwaram.

Abin rubutawa dai bai yi mana kaɗan ba. Wanda ya zauna Kangire ya san yaron da farfaɗiya ke kayarwa ana cewa iska ce, da ɗan acaɓar da ya bugu a ka, da dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da jaririn da ruwa ke kumbura wa kai. Da yawansu sukan je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in abu ya gagara a tura su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kowannensu yana da kati. To, wa ya ƙirga katunan nan ya ga nawa suka isa Kano da rai, kuma bayan awa nawa? Amsar wannan kaɗai ta isa takarda guda, kuma da ita ake neman motar ɗaukar marasa lafiya ko ƙwararren likita, domin masu kasafi lissafi suke ji, ba kuka ba.

Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Ibadan cikin 1962, ya yi ta rubuta abin da yake gani a majiyyatansa har duniya ta san da su. Hanyar ke nan.

Sai dai a yi hattara. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, aka kuma gwada maganin Trovan kan yara a Kano, abin da ya kai ga shari'a. Saboda haka kada ɗalibi ya taɓa katin kowa sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, kuma kada sunan majiyyaci ya fito.

Sauran aikin yana hannun ma'aikatan ofis. Likitan da aka karɓi takardarsa yana bukatar izinin tafiya da kuɗin rajista, taro kuwa ba ya jiran fayil. Lalle ne Ma'aikatar Lafiya a Dutse da shugabannin asibitoci su ware wannan ɗan kuɗi tun farkon shekara, su kuma sa hannu kafin ranar rufe rajista ta wuce.