Ranar da yaron rewaya ya kayar da ni a tseren motar rimot

Tun ranar da na ambaci motar rimot a wani rubutu da ya gabata, tambayoyi suka yi ta zuwa. Wasu na son sanin yadda ake farawa, wasu kuma tambayarsu ɗaya ce: ɗan jami'a da gemunsa, me ya haɗa shi da kayan wasan yara? Wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina, domin Babanmu ya riga kowa yi mini ita. Yau zan amsa, amma ta hanyar ba ku labarin kunyar da na sha a hutun da ya wuce.

Yawancinmu da motar kara muka fara. Mun yanka tsohon silifas mun yi taya, mun fasa gwangwanin madara mun yi bodi, mun lanƙwasa langa-langa mun yi sitiyari mai tsawo muna turawa a lungu. Da aka fara sayo mana motar rimot ta Sallah sai muka watsar da waɗancan, alhali ita kwana uku take yi ta mutu, kuma babu mai iya tashinta. A nan ne bambancin yake. Motar wasa an yi ta ne a yi wasa a yar. Sitiyarinta ko dai ya karye dama gaba ɗaya, ko hagu gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki. Da yawansu a kan zangon rediyo na megahaz 27 suke aiki, shi ya sa idan yara biyu suka fito da nasu a lungu ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya riƙa juya motar wancan, rigima ta tashi.

Wadda nake magana a kai daban ce. Kowane ɓangare nata ana kwance shi da sukudireba, a gyara ko a sauya. Sitiyari da totur suna bin hannunka daidai gwargwado, ka taɓa kaɗan ta tafi kaɗan. Rimot ɗinta na zamani a kan gigahaz 2.4 yake, kuma ana ɗaura shi da motarsa ita kaɗai, don haka motoci goma za su yi gudu tare ba tare da wani ya shiga layin wani ba. Girman da aka fi yayi shi ne kashi ɗaya cikin goma na mota ta gaske: idan babbar tana da tsawon mita huɗu da rabi, ƙaramar za ta zo da santimita 45.

A ƙasashen da abin ya kafu, manya ne suka fi yin sa. Kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka na Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, samfurin Porsche 934, kuma har gobe yana sayar da motoci a warwatse cikin kwali, mai saye ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. A 1979 aka kafa IFMAR, hukumar da ke shirya gasar duniya ta wannan tsere. Wani ɗan Japan mai suna Masami Hirosaka ya ci kambun duniya sau 14. Kamfanin Traxxas na Amurka kuma yana da wata mai suna XO-1 da ke wuce kilomita 160 a sa'a, gudun da ko a babban titi direba mai hankali ba ya yi.

Tawa ba ta kai ko kusa da nan ba. A wajen 'yan gwanjo na tsince ta cikin tarin kayan wasa, babu rimot, babu batir, taya ɗaya ta karye. Kuɗin da na tara na sayen takalmi na ba da. Da na shigo gida da ita Babanmu ya dube ni ya ce, "Kai yanzu wannan ne karatun?" Ban ce komai ba, na shige ɗaki.

Da na buɗe ta sai na ga abin ba shi da yawa. Akwai na'urar da ke karɓar saƙon rimot. Akwai ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, wanda ake kira sarbo. Akwai na'urar totur, wadda masu harkar ke kira ESC, ita ce ke auna yawan wutar da za ta tafi wa inji. Sai injin lantarkin kansa, sai batir. Tsakanin inji da taya kuma akwai giya biyu masu haƙora: ƙarama a kan sandar inji, babba tana karɓa daga gare ta. Wata biyu na yi ina tara kuɗi ina sayen abin da ya ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta fara motsi a tsakar gida, ƙannena har da ihu.

A unguwarmu mu biyar ne masu irin wannan mota. Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani fili, mu jera tsofaffin tayoyin babur mu fitar da hanya mai kwana shida. Dokarmu irin ta masu tseren motocin lantarki ce a waje: minti biyar ake gudu, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Su can wata 'yar na'ura ake saka wa kowace mota tana ƙirga mata zagaye. Mu kuwa yara muke ba tsakuwa, kowane yaro da motar da yake lura da ita, ta wuce ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani.

Cikinmu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha shida da ke koyon aikin rewaya a garejin bakin titi. Motarsa ta fi ta kowa tsufa, bodinta ma da waya aka ɗaure. Ni kuwa ina aji biyu a jami'a, na ci kwas ɗin lantarki, ina ganin kaina injiniya. Ana saura kwana biyu tsere na zauna na yi lissafi. Babbar giyata haƙora 80 gare ta, ƙaramar 20, wato sai inji ya juya sau huɗu kafin babbar ta juya sau ɗaya. Na ce idan na saka ƙarama mai haƙora 28, juyin zai sauko ƙasa da uku, gudu ya ƙaru. Lissafin daidai ne. Na saya na ɗaura, ban gwada ba, don kada kowa ya ga sirrina.

Aka tashi, na wuce kowa kamar an harba kibiya. A kwana ta biyu na yi adungure, yara suka ruga suka tayar da ita. Na sake kamo su, na sake kifewa. Ana cikin minti na uku sai na ji wari irin na wayar da ta ƙone, motar ta yi tari biyu ta tsaya, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bodi. Yaron rewaya kuwa bai taɓa zuwa na ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya ba, amma bai kife ko sau ɗaya ba. Yana isa kwana sai ya saki totur, ya shiga a hankali, ya fita da ƙarfi. Da aka zazzage gwangwanaye, tsakuwarsa ta fi ta kowa.

Bayan an watse ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya kai yatsa kan injina ya janye da sauri. Ya ce, "Yaya, ai a giya ta huɗu ka tashi da ita, ga yashi ga lodi. Ko babbar mota ka yi wa haka sai ta dafa inji." Abin da na manta ke nan. Giyar da ke ƙara gudu tana rage ƙarfin ja. Inji ya sha wahala, ya ja wuta fiye da ƙima, wutar ta koma zafi. Na san wannan a takarda, har na amsa shi a jarrabawa na ci maki, amma ban taɓa shaƙar warinsa ba sai ranar. Shi ne ya koya mini gwajin da suke yi: bayan gudun minti biyu ko uku ka ɗora yatsa a kan inji, idan ba za ka iya ƙirga biyar ba, to ka rage haƙoran ƙaramar giya.

Tun daga nan na sauya yadda nake kashe kuɗina, kuma ga shawarar da zan ba mai son farawa. Kada ka fara da sayen inji mai ƙarfi. Fara da taya, domin ita kaɗai ke taɓa ƙasa; mai ƙurji don yashi da burji, mai santsi don siminti ko kwalta. Sai boris: motoci masu araha da zoben roba suke zuwa a cikin ƙafafunsu, ka cire ka saka boris na ƙarfe, za ka ga ta ƙara sauƙin tafiya kuma batir ya ƙara daɗewa. Sai shokazoba, ka tabbatar akwai mai a ciki, don kada motar ta riƙa tsalle kamar akuya. Bayan kowane gudu ka share ƙura da tsohon buroshin haƙori, musamman da hunturu, saboda yashi ke cinye haƙoran giya. Sai hannunka ya faɗa sannan ka yi tunanin inji marar burushi, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi daɗewa, amma yana buƙatar tasa na'urar totur ɗin.

Fenti ma ya koya mini darasi. Bodin waɗannan motoci da wata roba mai haske kamar gilashi ake yin sa, kuma ta ciki ake fesa masa fenti, robar ta zama ita ce ƙyallin waje. Na farko da na yi da ragowar fentin babur na fesa, karo ɗaya motar ta yi ya ɓarɓashe kamar ɓawon gyaɗa. Ashe akwai fenti na musamman da ke lanƙwasuwa tare da robar. Za ka wanke cikin da sabulu ka bar shi ya bushe, ka rufe tagogi da salatif, ka fara da launi mai duhu kafin mai haske, kana fesawa sama-sama sau uku maimakon ka zuba da yawa lokaci ɗaya. A waje ake yi inda iska ke kaɗawa, ban da cikin ɗaki. Ni na kwaikwayi masu manyan motocin da ke rubutu a bayansu, na rubuta "Sannu ba ta hana zuwa". Da yake ta ciki ne, sai da na rubuta shi a juye ina duba madubi.

Akwai abu ɗaya da ba na wasa da shi, kuma ina roƙon ku karanta wannan da kyau: batir. Tsohon samfuri mai suna NiMH, mai ƙwaya shida da bolt 7.2, yana da haƙuri, shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Na zamani mai suna LiPo ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi, amma ba ya yafiya. Kowace ƙwaya tasa bolt 3.7 ce, idan ta cika ta kai 4.2, kuma ba a barin ta ta sauka ƙasa da 3. Idan aka cika shi fiye da ƙima, ko aka huda shi, ko aka bar shi a rana, yana iya kumbura ya kama wuta. Kun san halinmu a ɗakunan kwanan ɗalibai: a jona abu a soket a kwanta, ana jiran a kawo wuta cikin dare. Kada ka taɓa yi wa LiPo haka. Ka yi amfani da cajar da aka yi dominsa, kana zaune kana kallo, nesa da katifa da labule. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake ajiye nawa lokacin caji, da bokitin yashi a gefe. Wanda ya kumbura kuma ya gama aiki, kada ka matsa shi, kada ka ba yaro ya yi wasa da shi. Idan za ka daɗe ba ka yi amfani da shi ba, ka bar kowace ƙwaya a wajen bolt 3.8.

Ban ce kowa ya kwashi kuɗin makarantarsa ya sayi mota ba. Kayan nan daga waje ake shigo da su, kuma kun san yadda canji yake. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ta gwanjo guda ɗaya, ko ku kwance matacciyar motar Sallar ƙanenku ku ɗora injinta a kan bodin da kuka ƙera da kwali ko gwangwani. Abin da ake nema shi ne hannu ya saba da buɗe abu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, da zanen motoci a takarda ya fara tun yana yaro. Ba kowa ne zai kai inda ya kai ba, amma ɗalibin da ya taɓa ƙona inji da hannunsa ba zai sake kallon darasin lantarki a matsayin hadda ba.

Ni dai yanzu duk ranar da ba ni da lacca nakan leƙa garejin nan. Yaron yana nuna mini yadda ake kama waya da dalma ta zauna tsaf, ni kuma ina nuna masa lissafin da ke bayan abin da hannunsa ya riga ya sani. Babanmu har yanzu bai ce abin ya burge shi ba. Amma makon jiya da fitilarsa mai caji ta daina kamawa, bai aika a kai wa mai gyara ba, ɗakina ya turo ta.

Injin da na ƙona yana nan a kan teburin karatuna. Na koma giya mai haƙora 20, kuma mun sa ranar sake karawa a hutu mai zuwa. Idan akwai masu irin wannan harka a garinku ko makarantarku, ku rubuto mana yadda kuke yi, za mu buga a wannan fili. Sai mun haɗu a mako na gaba, in Allah Ya kai mu.